Amurka, Mosko da Mu: Yadda Yaƙin Cacar Baka Ya Iso Ƙasar Taraba

Daga nan Jalingo muke gaishe ku, da na cikin gari, da na Mutum Biyu da Bali da Wukari da Takum da Zing da Lau, har zuwa 'yan'uwanmu na saman tsaunin Mambilla. A shirinmu na yau za mu duba yadda Amurka ta tafiyar da hulɗarta da ƙasashen duniya a zamanin Yaƙin Cacar Baka, daga 1945 zuwa 1991. Wani zai ce me ya haɗa manomin doya a Wukari ko makiyayi a Gembu da rigimar Washington da Mosko? Ku gyara zama, domin rigimar nan ta taɓa iyakar jiharmu, ta taɓa 'ya'yanmu da suka sa kaki, ta kuma shigo har cikin zaurukanmu ta akwatin rediyo.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare Turai tana kwance. Biranen Jamus sun zama kufai, bashi ya yi wa Birtaniya da Faransa katutu, Tarayyar Sobiyet kuma ta yi asarar rayuka fiye da miliyan 20. Amurka ce ta fito da ƙarfinta cikakke, masana'antunta suna aiki, kuma ita kaɗai ke da bam na nukiliya. Sai dai sojojin Stalin sun mamaye Gabashin Turai, ba su da niyyar tashi. A watan Fabrairun 1946 wani jami'in jakadancin Amurka a Mosko mai suna George Kennan ya aika wa gwamnatinsa doguwar wasiƙa. Shawararsa ita ce kada a gwabza da Sobiyet gaba da gaba, a yi mata shinge ta kowace kusurwa, a hana aƙidar gurguzu yaɗuwa, a yi haƙuri har tsarin ya ruɓe daga ciki. A kan wannan shawara aka gina siyasar Amurka ta shekara arba'in da 'yan kai.

Ranar 12 ga Maris 1947 Shugaba Harry Truman ya nemi majalisa ta ba shi dala miliyan 400 don ya tallafi Girka da Turkiyya. Shirin Marshall ya biyo baya, aka zuba kimanin dala biliyan 13 don sake gina Yammacin Turai. A 1949 aka kafa ƙungiyar tsaro ta NATO, a shekarar kuma Sobiyet ta gwada nata bam ɗin, Mao Zedong ya karɓe mulkin Sin. Shekara ɗaya bayan haka yaƙi ya ɓarke a Koriya. Daga nan tsoro ya shiga zukatan masu mulki a Washington, suka koma auna kowace ƙasa da tambaya guda: da mu kake ko da Mosko? Wanda ya amsa daidai ya samu kuɗi da makamai, ko da azzalumi ne a gidansa. Wanda aka yi wa shakka ya gamu da fushi, ko da jama'arsa ce ta zaɓe shi. Haka hukumar leƙen asiri ta CIA, tare da takwararta ta Birtaniya, ta taimaka aka kifar da Firaminista Mossadegh na Iran a 1953 bayan ya mayar da man ƙasarsa hannun gwamnati. Haka aka yi wa Shugaba Arbenz na Guatemala a 1954.

Tun muna ƙarƙashin Turawa iskar wannan rigima ta fara kaɗo mu. A lokacin yaƙin Koriya Amurka ta shiga tara ma'adinan da ake ƙera kayan yaƙi da su, ciki har da kolambayit, wanda ake haɗawa da ƙarfe a injin jirgin sama don ya jure zafi. Mafi yawan kolambayit na duniya a lokacin daga filayen kuza na ƙasar Jos yake fitowa. Farashi ya yi sama, leburori suka yi ta kwarara daga sassan Arewa. Da Amurka ta cika rumbunta a tsakiyar shekarun 1950 ta daina saye, kasuwar ta faɗi warwas, aka sallami ma'aikata.

To, yanzu ga wanda ya shafe mu kai tsaye. Matasa da yawa ba su san cewa ranar 1 ga Oktoba 1960, da Nijeriya ta samu 'yancin kai, Gembu da Serti da Baissa ba sa cikinta ba. Ƙasashen Mambilla da Gashaka da Kurmi, tare da Ganye da Mubi da Gwoza da Dikwa, asalinsu yankin mulkin Jamus ne. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ba Birtaniya riƙonsu, daga 1946 kuma suka zama yankin amana na Majalisar Ɗinkin Duniya, ana kiransu Arewacin Kamaru. Wannan tsari na amana Amurkawa ne suka fi matsawa a kafa shi, tun zamanin Shugaba Roosevelt, alhali Churchill na Birtaniya ba ya so. Shi ya sa wakilan Majalisar suka riƙa zuwa lokaci-lokaci suna jin koken jama'a, Sobiyet kuma ta samu dandalin da take caccakar masu mulkin mallaka.

Nan Amurka ta shiga tsaka mai wuya. A baki tana cewa tana ƙin mulkin mallaka, amma masu mulkin mallakar, Birtaniya da Faransa da Beljiyam da Fotugal, su ne ƙawayenta a NATO. A watan Disamban 1960, da aka kawo ƙudurin bai wa duk ƙasashen da ake mallaka 'yanci, wanda Khrushchev na Sobiyet ya fara tayar da maganarsa, ƙasashe 89 suka amince, Amurka ta ƙaurace wa ƙuri'a. A cikin wannan yanayi aka yi ƙuri'ar raba gardama a watan Fabrairun 1961, aka tambayi iyayenmu da kakanninmu: Nijeriya ko Kamaru? Kimanin kashi 60 cikin ɗari suka zaɓi Nijeriya, ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya shigo, aka raɗa masa Lardin Sardauna. Abin da nake so uwayenmu mata su riƙe shi ne, Majalisar Ɗinkin Duniya ta dage sai an bar mata sun jefa ƙuri'a a wannan zaɓe. Matan Mambilla da Gashaka sun riga sauran matan Arewa yin zaɓe da shekaru fiye da goma.

Sabuwar Nijeriya ta ce ba za ta bi wani ɓangare ido rufe ba, amma kowa ya san zuciyar gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa tana Yamma. Amurka ta ga babbar ƙasa mai yawan jama'a wadda za a iya nuna wa sauran Afirka a matsayin abin koyi. A watan Yulin 1961 Shugaba Kennedy ya karɓi Tafawa Ɓalewa a Washington, har ya yi jawabi a majalisar wakilai. Gwamnatin Kennedy ta yi alkawarin dala miliyan 225 ga shirin raya ƙasa na 1962 zuwa 1968. A shekarar 1961 ɗin aka kafa hukumar USAID da kuma ƙungiyar matasa 'yan sa-kai ta Peace Corps, waɗanda suka koyar a makarantun sakandare da na horon malamai a sassan ƙasar nan. Jami'ar Jihar Kansas ta taimaka wajen kafa sashen noma da na likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Jami'ar Pittsburgh ta yi aiki da Cibiyar Koyon Mulki ta Zariya, Jami'ar Ohio kuma ta taimaki kwalejin malamai ta Kano. Likitocin dabbobi da dama da suka duba shanunmu a Mambilla da Muri daga wannan sashe na Zariya suka fito. Alheri ne na gaske, kuma ya kamata a faɗa. Har tashar bibiyar kumbo Amurka ta kafa a Kano, wadda ta yi aiki ranar 20 ga Fabrairu 1962 da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, ana tseren kamo Sobiyet da ta riga ta harba Yuri Gagarin.

Sai dai Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Masu bayarwa suna sa ran a tsaya a bayansu ran da ta ɓaci. Wanda ya ƙi, ga abin da ya faru a Kwango. Ƙasar ta samu 'yanci ranar 30 ga Yuni 1960, kafin wata ya zagayo lardin Katanga mai arzikin ma'adinai ya ɓalle da goyon bayan Beljiyam. A Katangar nan aka haƙo yuraniyom ɗin da ya shiga bam ɗin Hiroshima, don haka idon Washington yana kanta. Firaminista Patrice Lumumba ya nemi taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da na Amurka don ya murƙushe tawayen, bai samu yadda yake so ba, ya juya ga Mosko. Wannan ne ya sa aka shafa masa baƙin fenti. An kashe shi ranar 17 ga Janairu 1961 a Katanga, a hannun abokan gabarsa da jami'an Beljiyam. A 1975 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ƙarƙashin Sanata Frank Church ya tabbatar cewa CIA ta shirya ba shi guba, ko da yake ba ta kai ga aiwatarwa ba. Mobutu, wanda Amurka ta rungume, ya riƙe ƙasar daga 1965 har 1997, ya bar ta a tsiyace.

Sojojin Nijeriya sun yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango daga 1960 zuwa 1964. Cikin ƙananan hafsoshin da suka je akwai Yakubu Gowon da Murtala Muhammed da Olusegun Obasanjo da ɗan Takum, Theophilus Yakubu Danjuma. Sun ga yadda manyan ƙasashe ke wasa da ƙasar baƙar fata da idonsu, kuma a ganina wannan darasi ne ya bi su har ranar da mulki ya zo hannunsu.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a Nijeriya a watan Yulin 1967, gwamnatin Gowon ta nemi sayen makamai. Amurka, wadda yaƙin Biyetnam ya sha mata kai, ta ce ba za ta sayar wa kowane ɓangare ba, Birtaniya kuma ta noƙe kan batun jiragen yaƙi. Legas ta juya ga Mosko, kafin ƙarshen watan Agusta jiragen MiG sun sauka a Kano. Matasan ƙasar nan da yawa, daga Wukari da Takum da Muri, sun shiga soja a lokacin, wasu ba su dawo ba. Allah ya jiƙansu, da duk waɗanda yunwa da harsashi suka ɗauke a ɓangarorin biyu. Amurka ta aika abinci da magani masu yawa ga waɗanda yaƙin ya rutsa da su. Da aka gama a Janairun 1970, Nijeriya ba ta zama 'yar gurguzu ba. Ta sayi jirage, ta tura ɗalibai karatu Mosko, daga baya ta ba wa kamfanin Sobiyet aikin gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, amma kasuwancinta da manta suna Yamma. Abin da shugabanninmu suka koya shi ne ana iya ƙwanƙwasa ƙofa ta biyu idan ta farko ta ƙi buɗuwa.

Wannan ya kawo mu ga Angola, inda nake so mu ɗan daɗe. Fotugal ta saki ƙasar ranar 11 ga Nuwamba 1975, ƙungiyoyi uku suna faɗa kan mulki: MPLA ta Agostinho Neto, wadda Sobiyet da Kyuba ke mara wa baya, da FNLA ta Holden Roberto, da UNITA ta Jonas Savimbi. Biyun ƙarshe CIA ta ba su makamai da kuɗi a asirce, fiye da dala miliyan 30. Da farko Nijeriya tana goyon bayan a kafa gwamnatin haɗin gwiwa ta dukansu. Sai labari ya tabbata cewa sojojin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu sun kutsa Angola tun watan Oktoba suna yaƙi a gefen UNITA da FNLA. Ga Sakataren Harkokin Wajen Amurka Henry Kissinger, maganar ita ce a tare Mosko. Ga shugaban Nijeriya na lokacin, Murtala, maganar ita ce sojojin da ke taka baƙar fata a Afirka ta Kudu da Namibiya sun shigo wata ƙasar Afirka da tankoki. Ranar 25 ga Nuwamba 1975 Nijeriya ta amince da gwamnatin MPLA, ta kuma ba ta dala miliyan 20.

A farkon Janairun 1976 Shugaba Gerald Ford ya rubuta wa shugabannin Afirka wasiƙa yana neman kada su amince da MPLA. Gwamnatin Murtala ta miƙa wasiƙar ga 'yan jarida tare da amsa mai zafi, ta ce wannan cin fuska ne. Ranar 11 ga Janairu, a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa, Murtala ya miƙe ya shaida wa duniya cewa Afirka ta kawo ƙarfi, ba za ta ƙara karɓar umarni daga wata ƙasa ta waje ba, komai girmanta. Taron ya tashi kunnen doki, ƙasashe 22 nan, 22 can, amma kafin wata guda masu bin ra'ayin Nijeriya suka yi rinjaye, ƙungiyar ta karɓi gwamnatin Neto. Babban Hafsan Sojin Ƙasa a wannan lokaci, kuma ɗaya daga cikin manyan uku na Majalisar Ƙoli ta Soja, Janar Danjuma ne. Wato a teburin da aka yanke shawarar ce wa Amurka a'a, akwai ɗan wannan ƙasa tamu a zaune.

Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Murtala ya ƙirƙiro Jihar Gongola, wadda Jalingo ta kasance cikinta. Kwana goma bayan haka aka harbe shi a Legas. Ɗalibai sun yi zanga-zanga a ofisoshin jakadancin Amurka da Birtaniya suna zargin hannun waje. Zargi ne, har yau ba a kawo hujjar da ta tabbatar da shi ba, kuma bai kamata mu riƙa faɗarsa kamar tabbas ba. Abin da ya tabbata shi ne gwamnatin Obasanjo ta ƙi karɓar Kissinger a rangadinsa na Afirka a watan Afrilun 1976. A wannan rangadi ne, a Lusaka, ya bayyana cewa Amurka tana goyon bayan mulkin masu rinjaye a Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau.

Me ya ba Nijeriya wannan ƙarfin hali? Man fetur. A ƙarshen shekarun 1970 Amurka tana sayen gangar ɗanyen manmu kusan miliyan ɗaya a kowace rana, mu ne na biyu bayan Saudiyya. Muna da kuɗi a baitulmali, muna da soja mai yawa, kuma mun san abin da muke so. Shi ya sa Shugaba Jimmy Carter, wanda ya naɗa baƙar fata Andrew Young jakadansa a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya canja salo. Obasanjo ya je Washington a Oktoban 1977, Carter ya sauka Legas ranar 31 ga Maris 1978, ziyarar ƙasa ta farko da wani shugaban Amurka ya kawo Afirka kudu da Sahara. Shekara biyu tsakanin wasiƙar Ford da saukar Carter.

Kada wani ya ɗauka ɗaya ɓangaren waliyyai ne. Tankokin Sobiyet sun murƙushe jama'ar Hungary a 1956 da na Czechoslovakia a 1968, sojojinta sun afka wa Afghanistan a 1979. Mengistu na Habasha ya zubar da jinin mutanensa da makaman Mosko. Ku dubi ma yadda aka yi musanye a can: Habasha ta Sarki Haile Selassie ƙawar Amurka ce, Somaliya ta Siad Barre ta Sobiyet, amma a 1977 Mosko ta koma Habasha, daga baya Washington ta karɓi Somaliya. Gwamnatin MPLA ita ma ta kafa mulkin jam'iyya ɗaya, yaƙin Angola kuwa bai ƙare ba sai 2002, bayan an kashe Savimbi, ya ci dubban ɗaruruwan rayuka.

Dattawa masu sauraro za su tuna wani fagen na daban, wato rediyon gajeren zango. BBC ta fara Hausa a 1957. A shekarun 1960 Rediyon Mosko da Rediyon Sin da Muryar Jamus suka shigo, Muryar Amurka kuma ta buɗe sashen Hausa a Janairun 1979. Kowace gwamnati ta kashe kuɗinta ne don ta samu kunnen mai jin Hausa daga nan har Agadas da Kumasi. Amfanin da muka ci a ciki babba ne. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba yakan zauna a majalisar mai shayi ya warware maka rikicin Labanan ko na Nikaraguwa, domin ya ji labari ɗaya daga bakuna huɗu ya auna da kansa.

Da Ronald Reagan ya hau a 1981 aka koma tsohon ma'auni. Gwamnatinsa ta zaɓi lallaɓa gwamnatin wariya maimakon matsa mata. A 1985 aka soke dokar da ta hana taimaka wa 'yan tawayen Angola, a 1986 aka karɓi Savimbi a fadar White House. A maƙwabciyarmu Chadi, Amurka da Faransa sun ɗaure wa Hissène Habré gindi don ya tare Gaddafi na Libiya. Habrén nan ne mutumin da wata kotu ta musamman a Dakar ta ɗaure rai da rai a 2016 saboda kisa da azabtarwa. Mu kuwa farashin mai ya karye, bashi ya hau kanmu, muryar da ta yi amo a Addis Ababa ta yi ƙasa. Amma a cikin Amurka kanta akwai masu adalci: baƙaƙen fata da ɗalibai da coci-coci sun matsa har majalisa ta ƙaƙaba wa Afirka ta Kudu takunkumi a Oktoban 1986, bisa ƙin amincewar Reagan.

Daga nan abubuwa suka zo da sauri. A Disamban 1988 aka sa hannu kan yarjejeniyar janye sojojin Kyuba daga Angola da bai wa Namibiya 'yanci, kuma Amurka ce ta shiga tsakani. Katangar Berlin ta faɗi a Nuwamban 1989, aka saki Nelson Mandela a Fabrairun 1990. Ranar 27 ga Agusta 1991, mako guda bayan yunƙurin juyin mulkin da ya ci tura a Mosko, Janar Babangida ya ƙirƙiro Jihar Taraba da hedikwata a nan Jalingo. Ranar 25 ga Disamba Gorbachev ya yi murabus, Tarayyar Sobiyet ta watse, ta bar mana Ajaokuta ba a kammala ba.

Da abokin hamayya ya kau, sai darajar tsofaffin 'yan gaban goshi ta zube. Babu ƙasar da ta kai Laberiya kusanci da Amurka a Afirka ta Yamma. A can take da tashar da ke watsa shirye-shiryen Muryar Amurka zuwa nahiyar nan, kuma ta zuba wa gwamnatin Samuel Doe ɗaruruwan miliyoyin daloli a shekarun 1980. Da yaƙi ya isa Monrovia a 1990, jiragen ruwan yaƙin Amurka sun zo bakin teku, suka kwashe Amurkawa da sauran baƙi. Waɗanda suka sauka don raba faɗan a watan Agustan wannan shekara su ne dakarun ƙasashen Afirka ta Yamma na ECOMOG, mafi yawansu 'yan Nijeriya, kuma da kuɗin Nijeriya aka ɗauki mafi yawan nauyin.

Labarin waɗannan sojoji namu a Laberiya da Saliyo shi za mu ɗauko a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Tsofaffin sojojin da suka yi wannan aiki kuma suke zaune a nan Taraba, muna roƙon ku zo ku ba mu labari da bakinku.